Me Ya Haɗa Jirgin Sama da Kalmomin Teku?

Tambaya: Wani ɗalibi da ke shirin shiga makarantar koyon tuƙin jirgin sama ya rubuto cewa ya lura da "knot" ake auna gudun jirgi, nisa kuma da mil na teku, sannan shugaban matuƙa kyaftin ne mai sanye da kaya irin na sojan ruwa. Yana son ya san yadda aka yi kalmomin teku suka cika harkar sama, kuma shin suna da wani amfani a yau, ko gado ne kawai ake riƙo?

Amsa: Ɗan'uwa, abin da ka lura da shi ya fi yadda ka zata zurfi. Sa'ad da ɗan Adam ya fara tashi sama, ya tarar da matsalolin da masu tafiyar teku suka shafe ɗaruruwan shekaru suna fama da su. Tafiya ce a inda babu hanya, babu kuma alamar hanya. Abin da ke ɗauke da kai shi ma tafiya yake yi. In kuma wani abu ya lalace, babu wurin da za ka raɓe ka tsaya ka duba. Duk inda matsalar sama ta zo daidai da ta teku, an ɗauko kalmar tare da kayan aikinta da dokarta, kuma har gobe tana aiki. Inda matsalar ta bambanta kuwa, kalmar teku ta gaza, har ta taɓa ɓatar da masu ƙira, dole aka nemo wata. Da wannan ma'auni nake so ka auna kowace kalma da za ka ci karo da ita a aji.

Tun ba a tashi ba, da siffar jirgin ruwa ake tunanin abin. A 1670 wani limamin Kirista ɗan Italiya, Francesco Lana de Terzi, ya zana abin da yake ganin zai iya tashi. Kwale-kwale ne sosai, da sandarsa ta tsakiya da ƙyallen kama iska, an rataye shi a jikin manyan ƙwallaye 4 na tagulla da aka zuƙe wa iskar ciki. Ba a taɓa ƙera shi ba, da ma an ƙera, nauyin iskar waje ne zai murƙushe ƙwallayen. Sai a 1783 'yan'uwan nan biyu, su Montgolfier, suka ƙera balan-balan mai tashi da iska mai zafi a Faransa, kuma ranar 21 ga Nuwamba na wannan shekara Pilâtre de Rozier da Marquis d'Arlandes suka tashi a cikinsa a Faris. Da Faransawa suka nemi sunan da za su kira irin waɗannan mutane, sai suka haɗa kalmomin Girkanci biyu: "aer", iska, da "nautes", ma'aikacin jirgin ruwa. Aka sami "aéronaute", daga nan kuma "aeronautics", sunan da ilimin ƙera jiragen sama da tuƙa su yake amsawa har yau. Kwandon da suke zama a ciki Faransawa suka kira shi "nacelle", wato ɗan ƙaramin kwale-kwale, Ingilishi kuma suka ce "gondola", sunan kwale-kwalen birnin Benis. Buhunan yashin da ake zubarwa don a ƙara tashi suka ɗauki sunan "ballast", nauyin da ake jibgewa a gindin jirgin ruwa don kada ya kife. Har anga suke ɗauka, suna jefa ta ta kama ƙasa in za su sauka. Kalmar "nacelle" tana nan da ranta: ita ce sunan kwanson da ya rufe injin da kake gani a ƙarƙashin fiffike.

A nan ne kuma kwatancen ya fara yaudarar mutane. Tunda jirgi ne, sai wasu suka ɗaura masa ƙyallen kama iska, wasu kamar Jean-Pierre Blanchard suka sa masa itatuwan tuƙi. Babu wanda ya yi wani tasiri. Jirgin ruwa yana iya amfani da iska ne saboda yana tsakanin abu biyu: ruwa ya riƙe gindinsa, iska tana tura samansa. Balan-balan kuwa a cikin iska yake gaba ɗayansa, yana tafiya da gudunta, don haka wanda ke cikin kwandon ba ya jin ko ɗan busawa, ƙyallen kuma sai ya yi laƙwas. Sai da Henri Giffard ya ɗaura injin tururi da farfela a 1852 sannan aka sami abin da ake iya juya wa akala. Irin wannan shi aka kira "airship", Jamusawa suka ce "Luftschiff", ma'anar duka biyun jirgin ruwa na iska. Zeppelin na farko, irin wannan jirgi na Jamusawa, da ya tashi a Yulin 1900, daga rumfar da ke yawo a kan tafkin Konstans aka fito da shi.

Kalmar "aviation" ita ce ba ta teku ba, daga "avis" take, tsuntsu a harshen Latin. Amma wanda ya ƙirƙiro ta a 1863, Gabriel de La Landelle, tsohon hafsan sojan ruwan Faransa ne. Yana cikin masu ganin cewa balan-balan ba zai kai mutane ko'ina ba, abin da ya fi iska nauyi kuma yake da fukafukai shi ne mafita. Saboda haka tun daga tushe gidaje biyu ne: kalmomin da suka shafi yadda ake tashi suna komawa ga tsuntsu, waɗanda suka shafi yadda ake tafiya da yadda ake tafiyar da jirgi suna komawa ga teku.

Kuma ba Turanci kaɗai ba ne. "Airport" tashar jiragen ruwa ce aka liƙa wa iska, haka ma "Flughafen" a Jamusanci. Aeroflot na Rasha ma'anarsa ayarin jiragen iska, "flot" kuwa rundunar jiragen ruwa ce. Lufthansa ta ɗauko rabin sunanta daga Hansa, tsohuwar ƙungiyar biranen fatake na tekun arewacin Turai. Larabawa suna cewa "milaha jawwiyya", alhali "mallah" ma'aikacin jirgin ruwa ne. Mu ma da Hausa hanyar da muka bi ke nan ba tare da mun kwaikwayi kowa ba: jirgi na ruwa ne tun asali, da na dogo ya zo aka ce jirgin ƙasa, da mai fukafukai ya zo aka ce jirgin sama, kuma wanda ke sarrafa kowanne matuƙi ne. Ita ma "pilot" haka take. Masana harshe suna danganta ta da kalmar Girkanci ta icen tuƙi, kuma a teku har yau "pilot" shi ne gwanin da ya san mashigar tasha, yake hawa baƙon jirgi ya shigar da shi lafiya.

To, bari mu zo kan "knot", don a nan ne amfanin ya fi fitowa fili. Ma'anar kalmar ƙulli, irin na igiya. A zamanin jiragen iska na teku, ana ɗaura wani ɗan katako a bakin doguwar igiya a jefa shi ta bayan jirgi. Katakon ya tsaya a ruwa, jirgi ya ci gaba, igiya tana warwarewa. An yi wa igiyar ƙulli a kowace ƙafa 47 da inci 3, wani kuma yana riƙe da agogon yashi mai ƙarewa a daƙiƙa 28. Yawan ƙullin da ya wuce ta hannun ma'aikaci kafin yashin ya ƙare, shi ne gudun jirgin. Ba da ka aka zaɓi waɗannan lambobi ba: ƙafa 47 da inci 3 a daƙiƙa 28 daidai yake da mil ɗaya na teku a awa ɗaya. Katakon nan sunansa "log", littafin da ake rubuta sakamakon ya zama "logbook", kuma shi ne sunan littafin da za ka riƙa rubuta awannin tashinka a ciki tun daga ranar farko.

Me ya sa mil na teku, ba kilomita ba? Saboda daga jikin duniya aka yanko shi. An raba taswirar duniya da layukan latitud, waɗanda ke nuna nisanka arewa ko kudu daga tsakiyar duniya. Kowane digiri an kasa shi kashi 60, ana kiran kowane kashi minti. Mil ɗaya na teku tsawon minti ɗaya ne na latitud. A 1929, a wani taron ƙasa da ƙasa a Monako, aka tsayar da shi a kan mita 1,852. Ma'anar wannan ita ce taswirar da kanta ma'auni ce. Digiri ɗaya mil 60 ne. Jirgin da ke cin ƙulli 480 in an auna da ƙasa, ya nufi arewa sak, zai cinye digiri 8 a awa guda, mil 8 a kowane minti na agogo. Mai lissafi da kilomita sai ya yi ta juya lambobi kafin ya kai ga wannan amsa. Wanda yake tafiya da taswira da kamfas da agogo, a ruwa yake ko a sama, wannan sauƙi ba ƙaramin abu ba ne a wurinsa.

Sai babbar matsalar da ta haɗa su, wato abin da ke ɗauke da kai yana tafiya. Jirgin ruwa yana da gudunsa a cikin ruwa, ruwan kuma yana da nasa gudun. Jirgin sama yana da gudunsa a cikin iska, iskar kuma tana tafiya. In kana yin ƙulli 480 a cikin iska, iska mai ƙulli 100 tana tunkarar ka, abin da kake ci a ƙasa 380 ne. In ta bayanka take, 580 ne. Shi ya sa tafiya daga Amurka zuwa Turai ta fi dawowa sauri, don iska mai ƙarfi ta can sama daga yamma take kaɗawa zuwa gabas. In kuma ta gefe ta zo, sai inda hancin jirgi ya nufa ya bambanta da inda jirgin yake bi. Duk kalmomin da za a koya maka na wannan lissafi, "heading", "course", "bearing", "drift", da "dead reckoning", wato gano inda kake ta hanyar gudu da lokaci da alƙibla, daga teku aka kwaso su ɗungurungum, saboda lissafin guda ne.

Har mutanen ma daga can suka zo. Jirgin sama na farko da ya ƙetare tekun Atilantika, yana yada zango a hanya, shi ne NC-4 na sojan ruwan Amurka a Mayun 1919. A 1922 Gago Coutinho, hafsan sojan ruwan Fotugal, shi da Sacadura Cabral suka tashi daga Lisbon zuwa Riyo a Burazil. Coutinho ya gyara na'urar sekstan, wadda 'yan teku ke auna tsayin rana da taurari da ita. A teku ana aunawa ne daga layin da sama ta haɗu da ruwa, amma daga can sama wannan layi yakan ɓace a hazo ko gajimare, sai ya sa mata ɗan kumfa a cikin ruwa ya tsaya a madadin layin. An ci gaba da duban taurari daga cikin jiragen fasinja masu dogon zango har zamanin jiragen jet na farko, kafin na'urori su karɓi aikin. Lokacin da ake aiki da shi a sama ma na Girinwic ne a Landan, wurin da aka gina ɗakin nazarin taurari a 1675 domin taimaka wa jiragen ruwa su san inda suke.

Yanzu hagu da dama. Tsofaffin jiragen ruwa na arewacin Turai da wani babban icen tuƙi ake juya su, a ɗaure a gefen dama na baya, tunda yawancin mutane da dama suke aiki. Wannan gefe ya zama "steorbord" a tsohon Turanci, gefen tuƙi, yau "starboard". Don kada icen ya karye, da ɗaya gefen ake jingina da tasha a yi lodi, ana kiransa "larboard". Sunayen biyu sun yi kama a kunne, musamman in iska tana kaɗawa ana ihu, saboda haka a 1844 rundunar sojan ruwan Ingila ta ba da umarni a riƙa cewa "port". Fasinja har yau ta ƙofar hagu yake shiga jirgin sama. Gadon teku yana ciki, amma abin da ya riƙe tsarin yanzu aiki ne: kyaftin a kujerar hagu yake zama, gefen dama kuma an bar wa masu lodin kaya da sauran ma'aikatan ƙasa, don kada su cakuɗa da mutane.

Fitilu sun fi wannan muhimmanci. Tun 1848 Ingila ta wajabta wa jiragen tururi jar fitila a hagu, koriya a dama. Dubi bakin fiffiken kowane jirgin sama da dare: ja a hagu, kore a dama, fari a jela. Dokar ba da hanya ma tare suka zo. In jirage biyu suka yi gaba da gaba, kowa ya kauce dama. In hanyarsu za ta gicciye, wanda yake ganin ɗan'uwansa a damansa shi ke ba da hanya. Ka ga yadda launin ya dace da dokar: jirgin da ya taho ta damanka zai gitta gabanka, gefensa na hagu kake gani, wato jar fitila, kai ne mai kaucewa. Kamar yadda mai inji yake ba mai ƙyallen iska hanya a teku, haka jirgi mai inji yake ba marar inji da balan-balan hanya a sama, saboda wanda ya fi iya juyawa shi ke ɗaukar nauyin kaucewa. Wannan doka tana cikin waɗanda na fi so ɗalibi ya fahimci dalilinsu, ba ya haddace kawai ba.

Sunayen sassan jirgi kuwa ba su ƙirguwa. "Cabin" ɗakin fasinja, "galley" wurin haɗa abinci, "bulkhead" bangon da ya raba ɗakuna, "hold" rumbun kaya, "crew", "steward", "purser", "manifest", duk na jirgin ruwa ne. "Boarding" daga "bord" take, gefen jirgi. "Airline" da "airliner" an gina su a kan kamfanonin jiragen ruwa masu bin layi ɗaya a kan lokaci. Takardar shaidar cewa jirgi ya cancanci tashi tana cewa "airworthy", a kan ƙirar "seaworthy". Masu inshora in jirgi ya lalace gaba ɗaya "hull loss" suke cewa, "hull" kuwa gangar jikin jirgin ruwa ce. Wanda ya fi burge ni yana cikin zanen injiniyoyi. In suna son su nuna tsayin wani wuri a jikin jirgin sama, da "waterline" suke aunawa, wato layin ruwa, a jikin abin da ba a ƙera shi don ya taɓa ruwa ba. Dalili shi ne maƙeran jiragen ruwa ne suka fara gano yadda ake zana jiki mai lanƙwasa ta kowane ɓangare a kan shimfiɗaɗɗiyar takarda, masu jirgin sama suka ɗauki dabarar da sunayenta.

"Cockpit" tana da doguwar tafiya. Asalinta ramin da ake haɗa zakaru faɗa a Ingila. Daga nan aka laƙaba wa wani matsattsen ɗaki a can ƙasan jirgin yaƙi, inda ƙananan hafsoshi ke kwana, inda kuma likita ke yi wa masu rauni aiki ranar yaƙi. A irin wannan ɗaki ne Admiral Nelson, kwamandan sojan ruwan Ingila, ya cika a cikin jirginsa Victory a yaƙin Trafalgar na 1805. A ƙananan jiragen ruwa kuma sunan ya koma kan ramin da mai tuƙi ke zama a baya. Jiragen sama na wajen Yaƙin Duniya na Ɗaya rami ne buɗaɗɗe matuƙi ke shiga ya zauna, sunan ya zauna daram. Yau a manyan jirage an fi cewa "flight deck", amma "deck" ɗin ma daɓen jirgin ruwa ne.

Batun kyaftin da kayansa ya fi ƙarfi ne daga shekarun 1930. A lokacin babu dogayen titunan sauka da za su ɗauki babban jirgi mai ƙetare teku, ruwa kuwa fili ne da ba a gina shi ba. Henri Fabre ya riga ya tashi daga kan ruwa a Faransa a Maris na 1910, don haka manyan jiragen fasinja na wannan zamani masu sauka a ruwa ne: gindinsu irin na kwale-kwale, suna da anga, ana ɗaure su da igiya, da zarar sun taɓa ruwa kuma dokar teku ta hau kansu. Kamfanin Pan Am na Amurka, a ƙarƙashin Juan Trippe, ya sa wa jiragensa suna "Clipper", sunan jiragen fatake masu sauri na ƙarni na 19. A Nuwambar 1935 China Clipper ya tashi daga Kalifoniya zuwa Manila ta Honolulu, Midway, Wake da Guwam, kuma mai duba masa hanya, Fred Noonan, tsohon hafsan jiragen ruwan kasuwanci ne. Kamfanin ya sa wa matuƙansa kwat mai duhu, farar hula, da zare a hannun riga, domin fasinjan da ya saba amincewa da kyaftin na teku ya sami natsuwa. Zare 4 na kyaftin, 3 na mataimakinsa da ake kira "first officer", kamar a jirgin ruwa. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu titunan sauka suka wadata, jiragen masu sauka a ruwa suka ja baya, kayan suka zauna.

Kada ka ɗauka kayan ne kawai. Ikon ma an gada. A teku kyaftin ne mai magana ta ƙarshe saboda babu wata hukuma a kusa. Haka dokar sama ta ɗora wa shugaban matuƙa alhakin jirgi da duk wanda ke ciki, kuma Yarjejeniyar Tokiyo ta 1963 ta ba shi ikon sa a tsare fasinjan da ke barazana ga lafiyar jirgi, ya kuma sauke shi. Jirgin sama yana da ƙasar da aka yi masa rajista kamar yadda jirgin ruwa ke da tuta. Sanarwar da ake ba matuƙa kan canje-canje da haɗurra, NOTAM, an ƙera ta a kan sanarwar da ake ba 'yan teku. Kalmar "cabotage", ɗaukar fasinja tsakanin garuruwa biyu na wata ƙasa, asalinta fataucin jiragen da ke bin gaɓar teku ne.

Amma ga inda teku ta gaza. Jirgin ruwa da allon da ke bayansa yake juyawa, "rudder". Jirgin sama ma yana da "rudder" a jela, sai masu ƙira na farko a Turai suka ɗauka da shi za a juya. A Janairun 1908 Henri Farman ya zagaya kilomita ɗaya a Faransa ta wannan hanya, jirgin yana zamewa a kwance da ƙyar. A Agustan shekarar Wilbur Wright, ɗaya daga cikin 'yan'uwa biyu na Amurka da suka fara tashi da jirgi mai inji, ya tashi a kusa da Le Mans a Faransa, ya karkata fukafukai ya yi kwana cikin sauƙi yadda tsuntsu ke yi, masu kallo suka gane an bar su a baya. Jirgin sama da karkatawa yake juyawa: ƙarfin da ke ɗaga shi sama ne ake kwantar da shi gefe ya ja jirgin cikin kwana, "rudder" kuwa daidaita hanci kawai yake yi. Ɗalibin da ya shiga jirgi da tunanin kwale-kwale a kansa, ya riƙa taka "rudder" don ya yi kwana, yana jawo wa kansa haɗari, musamman a ƙaramin gudu kusa da ƙasa. Su Wright ɗin ma sun nemi ilimin farfela a littattafan jiragen ruwa, suka tarar babu wani lissafi da za su dogara da shi, sai suka ɗauki farfela a matsayin fiffike mai juyawa suka yi nasu lissafin kafin tashinsu na Disambar 1903.

Shi ya sa sassan da babu irinsu a teku sunayensu na Faransanci ne, don Faransa ce cibiyar harkar a shekarun da suka gabaci 1914. "Aileron", abin karkata jirgi, ƙaramin fiffike ne. "Empennage", jela, daga gashin da ake sa wa kibiya. "Fuselage", gangar jiki, daga siffar mazari. "Hangar" rumfa ce.

Doka ma ta rabu a wuri guda mai girma. Jirgin ruwa yana da haƙƙin ratsa ruwan gaɓar wata ƙasa muddin wucewa kawai yake yi cikin lumana. Jirgin sama ba shi da wannan. Sashe na farko na Yarjejeniyar Shikago ta 1944 ya ce kowace ƙasa tana da cikakken iko ita kaɗai a kan sararin samaniyarta. Ƙasashe sun ga abin da jirgi zai iya yi daga sama a yaƙi, ba su yarda a mai da samansu teku ba.

Akwai kuma kalmar da ta bi hanya a juye. "Mayday", kiran neman agaji, a filin jirgin sama na Croydon a Landan aka ƙirƙiro ta a farkon shekarun 1920. Jami'in rediyo Frederick Mockford ya ɗauko ta daga "m'aider" na Faransanci, a taimake ni, saboda yawancin jiragen tsakanin Landan da Faris suke zirga-zirga. Taron rediyo na Washinton a 1927 ya amince da ita, yau 'yan teku ma da ita suke kira.

Game da ko gado ne kawai: wasu haka ne. Da za a daina cewa "galley" ko "purser" gobe, babu abin da zai samu jirgi. "Port" da "starboard" ma sun ja baya, a rediyo hagu da dama za ka ji mai kula da zirga-zirga yana faɗa. Hukumar ICAO mai kula da zirga-zirgar jiragen sama ta duniya ta ɗauki tsarin mita a matsayin tushe, amma ta bar ƙulli da mil na teku da ƙafa suna aiki ba tare da ta sa ranar daina su ba, ko da yake Sin da mita take auna tsayin tashi. A ganina mil na teku ba zai tafi ba muddin da digiri ake zana taswira.

Ga ƙa'ida ɗaya ta 'yan teku da za ta yi maka aiki a makon farko. In za ka auna nisa da layukan taswira, yi amfani da ma'aunin latitud, mai tafiya daga kudu zuwa arewa, inda minti ɗaya yake mil ɗaya. Kada ka auna da na longitud, mai tafiya daga gabas zuwa yamma, domin layukan longitud suna matsewa yayin da ake nisa da tsakiyar duniya. A latitud na digiri 60, minti ɗaya na longitud rabin mil ne kawai, wanda ya ƙirga shi mil guda zai sami nisan da ya ninka na gaskiya, lissafin lokacinsa da na mansa duka su tafi a kan kuskure.